Harafi da Zuciya: Yadda Malaman Faris da Liyon Suka Karanta Littattafan Sama



Ƙasar Hausa ba baƙuwar karatu ba ce. Yaro yana riƙe allo tun bai bambance dama da hagu ba, gardi yana kwana yana tishi, a watan azumi kuwa akwai masu sauke Alƙur'ani duk bayan kwana uku. A fagen tilawa da hadda ba a ja da mu. Abin da ya tara mu yau shi ne tambayar da ke biyo bayan wannan: me karatun yake yi wa mai karatun? Kowa ya san mahaddacin da bai iya danne fushinsa ba, kowa ya san mai jan baƙi da murya mai daɗi wanda hassada ta cinye. Malamanmu suna da sunan abin da ya ɓace a nan. Suna ce masa tadabburi, wato tsayawa a kan aya ana jujjuya ta har ta taɓa zuciya, kuma suna haɗa shi da yaƙi da son rai. Suratun Nisa'i da Suratu Muhammad duk sun zargi masu wuce Alƙur'ani ba tare da wannan tsayawa ba.

Wani zai ce to me ya kai mu Faransa, ƙasar da ta raba addini da gwamnati tun 1905? Dalili shi ne, a birane biyu na ƙasar, Faris da Liyon, an shafe kusan shekara ɗari tara ana kokawa da wannan tambaya, Kirista a kan Attaura da Linjila, daga baya Musulmi a kan Alƙur'ani. Kuma gardamar da suka yi irin tamu ce: in mutum ya karanta littafi yana neman kansa a ciki, shin ya halatta ya jefar da ma'anar zahiri?

A gefen hagu na kogin Seine, inda yanzu gine-ginen jami'a na Jussieu suke, dab da Cibiyar Duniyar Larabawa, tafiyar 'yan mintuna daga Babban Masallacin Faris, a da akwai gidan ruhubanawa mai suna Saint-Victor. Wani shahararren malami, Guillaume de Champeaux, shi ya kafa shi a 1108 bayan ya bar kujerar koyarwa ya koma gefen gari. Ba a jima ba wurin ya zama makaranta. Babban malaminta shi ne Hugues, mutumin ƙasar Jamus, wanda ya rasu a 1141. Ya rubuta littafi mai suna Didascalicon, wanda gaba ɗayansa amsa ce ga tambaya guda: yaya ake karatu?

Hugues ya ce nassi yana da hawa uku, ya kuma kwatanta su da gini. Labarin da ya faru shi ne harsashi. Abin da labarin yake nunawa na aƙida shi ne bango. Abin da yake koyarwa na gyaran hali shi ne shafe da ado. Ya yi ta faɗa da malaman zamaninsa masu raina harsashi, waɗanda ba su gama fahimtar kalma ba sun riga sun yi tsalle zuwa asirinta. Ya sa ɗalibansa haddace sunayen mutane da wurare da jerin shekaru, su san nahawu da lissafi da labarin ƙasa, kafin su buɗe baki a kan ma'anar ɓoye. Sannan ya jera matakai biyar: karatu, tunani a kan abin da aka karanta, addu'a, aiki, sai a ƙarshe ganin zuci. A lura da inda ya ajiye aiki. Ba a kaiwa ga mataki na biyar sai an bi ta kansa.

Wata rana yana zaune da 'yan'uwansa ruhubanawa suna yi masa tambayoyi, sai hira ta gangaro kan rashin natsuwar zuciyar ɗan Adam: me ya sa ba ta zama wuri ɗaya? Amsarsa ta zama littafi a kan jirgin Annabi Nuhu. Ya ce ruwan ɗufana shi ne son duniya da ke kai zuciya nan da can, mafita kuma ita ce mutum ya sassaƙa jirgi a cikin ƙirjinsa. Amma ko a nan bai saki zahiri ba, don sai da ya zauna ya yi lissafin tsawon jirgin da faɗinsa da siffarsa, kamu da kamu.

Wanda ya kai wannan hanya ƙarshenta shi ne Richard, ɗan ƙasar Sikotlan, wanda ya zama mataimakin shugaban gidan a 1162 ya rasu a 1173. Littafinsa da ake kira Benjamin minor ya cancanci mu daɗe a kansa, domin mutanen da ke ciki duk mun san su: Annabi Yakubu da matansa da 'ya'yansa, kamar yadda labarin ya zo a Attaura.

Richard ya ce gidan Yakubu shi ne zuciyarka. Lai'atu, matar fari, ita ce bege da shauƙi. Rahila, wadda aka fi so, ita ce hankali. Mutum yana son Rahila, yana son ya fara da hikima, amma Lai'atu ake fara kai masa, domin sai an gyara abin da zuciya ke so kafin hankali ya haihu. Jerin haihuwar 'ya'yan kuwa shi ne jerin tarbiyyar rai. Ra'ubainu ɗan fari shi ne tsoron Allah. Saminu shi ne baƙin cikin zunubi. Lawi shi ne sa rai ga gafara. Sai na huɗu, Yahuza, shi ne ƙauna. Ba a tsallake ɗaya a kama na gaba: wanda bai ji tsoro ba ba zai yi nadama ba, wanda bai yi nadama ba sa ransa ruɗu ne.

Kuyangin biyu ma ya ba su aiki. Bilha, baiwar Rahila, ita ce ƙarfin sawwara abu a zuci, mai hidima ga hankali amma mai yawan surutu, wadda ko a tsakiyar addu'a ba ta yin shiru. Duk wanda ya taɓa kabbara salla ya tsinci kansa a kasuwa ya san ta. Zilfa, baiwar Lai'atu, ita ce gaɓoɓin ji da gani da ɗanɗano, mai ƙishirwar da ba ta ƙarewa. In aka hore ta sai ta haifi 'ya'ya biyu, Gad da Ashiru, wato kamewa daga jin daɗi da haƙuri a kan wahala. Sai bayan waɗannan ne Issaka yake zuwa, wato daɗin da ake ji a ciki, da Zabaluna, ƙin mugun hali, da Dinatu, kunya.

Duk wannan lokaci Rahila ba ta haihu ba. Sai can a ƙarshe ta haifi Yusufu, wanda Richard ya ce shi ne basirar rarrabewa, sanin gwargwadon kowane abu. Me ya sa ya makara? Domin ba a koyonta a littafi, sai an yi ta faɗuwa ana tashi. Shi ne ke kai ƙarar 'yan'uwansa wurin uba, wato shi ke gane lokacin da tsoro ya zarce ya zama ɗebe tsammani, ko sa rai ya zama sakaci, ko kishin addini ya zama zalunci. Shi ya sa 'yan'uwan ba sa son sa, shi ya sa kuma a ƙarshe suke rusuna masa. Daga Yusufu ake samun sanin kai. Bayan shi sai auta, Biliyaminu, ganin zuci, wanda wajen haihuwarsa Rahila ta rasu: akwai inda in an kai, hankali ya gama nasa aikin.

Ko mutum bai yarda da aƙidar Richard ba, zai yarda cewa wannan mutum ya san zuciya. Bai canza ko harafi ɗaya na labarin ba, bai ce Yakubu bai rayu ba. Jerin haihuwar da ya tarar a nassi shi ya bi, nassin ne ya tilasta masa tsarin. Kuma a gida ɗaya da shi akwai wani malami, André, wanda ya duƙufa kan zahiri kaɗai, har yana zuwa wurin malaman Yahudawa yana tambayarsu yadda suke fahimtar Ibrananci. Sun yi saɓani mai zafi, Richard ya rubuta masa raddi a kan wata aya ta littafin Ishaya. Duk da haka makaranta ɗaya ta riƙe su biyun.

A shekarar da Richard ya rasu, wajen 1173, wani abu dabam yana faruwa a Liyon. Wani attajiri mai suna Valdès, wanda aka fi sani da Pierre Valdo, ba ya jin Latin, harshen da ake karanta Linjila da shi a coci. Sai ya biya malaman coci biyu, ɗaya yana fassarawa ɗaya yana rubutawa, suka juya masa Linjila da wasu sassa zuwa harshen da ake yi a kasuwar garin. Ya karanta labarin saurayi mai dukiya da Annabi Isa ya ce wa ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta. Valdo bai nemi wata ma'ana ta ɓoye ba. Ya ɗauka da shi ake. Ya bar wa matarsa gidaje da gonaki, ya mayar da abin da yake ganin ya ci ba bisa haƙƙi ba, ya rabar da sauran, ya ciyar da mayunwata a lokacin fari, ya fita titi yana wa'azi.

Mabiyansa, da ake kira Matalautan Liyon, sun je Roma a 1179. Fafaroma Alexandre na Uku ya yaba talaucin da suka zaɓa amma ya hana su wa'azi sai da izinin malaman coci. Ba su daina ba. Aka kore su daga Liyon, a 1184 kuma aka yanke musu hukuncin bidi'a a Verona. An farauce su ƙarni bayan ƙarni a duwatsun da ke tsakanin Faransa da Italiya, amma cocinsu tana nan har yau. Richard masani ne mai zurfafawa, Valdo ɗan kasuwa ne mai ɗaukar magana yadda ta zo, amma abu ɗaya ya haɗa su: kowannensu ya karanta kamar shi kaɗai aka aiko wa.

Wannan shi ne abin da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kira keɓancewa a babin ladubban tilawa na Ihya'u. Ya lissafa ayyukan zuci goma da mai karatu ke buƙata, daga girmama Mai maganar, da halartar da zuciya, da tadabburi, da kawar da abubuwan da ke toshe fahimta, har zuwa mutum ya ƙaddara cewa kowane umarni da kowane gargaɗi shi ake nufi. Amma a babin nan dai ya ja kunne cewa babu hanyar isa ga baɗini sai an ƙware a tafsirin zahiri. Gazali a gabas, Hugues a Faris, tsakanin rasuwarsu shekara talatin, ba su san juna ba, sun tsaya a kan ƙa'ida ɗaya.

Akwai kuma Madame Guyon, wadda aka buga sharhinta na Waƙar Sulemanu a Liyon a 1688. Shawararta ga marasa ilimi mai sauƙi ce: karanta kaɗan, da zarar wata kalma ta motsa zuciyarka ka tsaya, kada ka ci gaba sai ka gama amfana da ita. An zarge ta da koyar da ibadar da ke sa mutum ya saki aiki, aka tsare ta, har ta zauna a kurkukun Bastille daga 1698 zuwa 1703.

Mu tsallaka zuwa Liyon ta 1942. Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Gwamnatin Faransa ta Vichy ta kafa dokokin ware Yahudawa. A watan Nuwamba sojojin Jamus suka shigo Liyon, tare da su Klaus Barbie, shugaban 'yan sandan ciki da aka yi wa laƙabi da mahaucin Liyon. A wannan shekara ce wasu fada-fada na ƙungiyar Jesuit, Henri de Lubac da Jean Daniélou da Claude Mondésert, suka fara fitar da jerin littattafai mai suna Sources Chrétiennes, inda ake buga rubutun magabatan Kirista, asali a shafi ɗaya, fassarar Faransanci a shafin da ke kallonsa. Ofishin aikin yana Liyon, ana buga littattafan a Faris, kuma yanzu sun haura juzu'i 600.

Littafin farko da suka zaɓa shi ne Rayuwar Musa, na Grégoire na Nysse, wani bishop na ƙarni na huɗu daga yankin da yanzu yake cikin Turkiyya. Littafin kashi biyu ne. Na farko yana ba da labarin Annabi Musa yadda yake. Na biyu yana komawa kansa daki-daki yana karanta shi a matsayin tafiyar rai. Rundunar Fir'auna da karusanta su ne sha'awoyin da ke bin mutum a guje ko bayan ya bar Masar, dole su nutse a teku. Mutuwar 'ya'yan fari tana koyar da kashe mugun abu tun yana ɗan fari: fushi kafin ya zama kisa, sha'awa kafin ta zama zina. Da Musa ya roƙi ganin Ubangiji aka ce sai dai ya ga baya, Grégoire ya ce ai wanda ke bin wani bayansa yake gani, don haka ganin Allah shi ne bin sa. Cikar mutum a wurinsa ba wani matsayi ba ne da ake kaiwa a zauna, ci gaba ne da ba ya tsayawa.

Mai gaggawar hukunci zai ce ƙasa na cin wuta, waɗannan suna fassara tsofaffin littattafai. Amma a Jamus a lokacin akwai malaman coci da suka kafa cibiya a Eisenach a 1939 don tsame duk wani abu na Yahudawa daga addinin Kirista, har da Tsohon Alkawari. Buɗe jerin littattafai da sunan Musa a 1942 magana ce da kowa ya ji. Kuma mutanen nan ba a teburi suka tsaya ba. Tun Nuwamba 1941 Fada Pierre Chaillet ya fara buga wata mujallar ɓoye a Liyon, Cahiers du Témoignage chrétien, wadda fitowarta ta farko ta gargaɗi Faransa kada ta rasa ruhinta. De Lubac yana cikin masu rubutawa da dubawa, har sai da ya bar Liyon ya ɓuya don ana neman sa. Amininsa, Fada Yves de Montcheuil, Jamusawa suka harbe shi a Grenoble a watan Agusta 1944.

Bayan yaƙi, shugabannin ƙungiyarsa suka dakatar da de Lubac daga koyarwa a 1950 saboda zargin sabon tunani. Bai yi tawaye ba, bai kuma janye ra'ayinsa ba. Ya koma ɗakin karatu, ya fito da Exégèse médiévale, juzu'i huɗu tsakanin 1959 da 1964, tarihin yadda Kiristocin da suka karanta littafinsu a kan ma'anoni huɗu: abin da ya faru, abin da za a gaskata, abin da za a aikata, da inda aka dosa. Babbar hujjarsa ita ce magabatan nan ba su ɗauki ma'anar ruhi a matsayin kishiyar tarihi ba, a cikin tarihin suke haƙo ta. A 1983 cocin da ta taɓa rufe masa baki ta naɗa shi kadinal. Yadda ya riƙe kansa a shekarun da aka dakatar da shi yana cikin abin da ya sa ake ɗaukar littafin da daraja.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar mu. A Faris ɗin nan aka yi wata muhawara a kan Alƙur'ani wadda ya kamata ɗalibanmu su sani. Turawan farko da suka yi nazarin sufanci sun ce aro ne, daga Indiya ko Farisa ko Girka. Louis Massignon, a wani littafi da ya fitar a 1922, ya bi kalmomin sufayen farko ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa daga Alƙur'ani suka tsiro, daga yawan karanta shi da maimaita shi da aiki da shi. Paul Nwyia, fada ɗan ƙasar Iraƙi da ya koyar a Faris, ya ƙarfafa wannan a 1970 da nazarin tsofaffin tafsirai, har da wanda ake jingina wa Ja'afarus Sadiƙ, inda aka kasa fahimta gida huɗu: lafazi ga kowa, ishara ga keɓaɓɓu, lausasan ma'anoni ga waliyyai, haƙiƙa ga annabawa.

Henry Corbin, wanda ya gaji kujerar Massignon a makarantar École pratique des hautes études a 1954, ya karkata sosai ga baɗini. A littafinsa na 1958 ya zana Ibn Arabi a matsayin mai tawili, mai ratsa harafi ya wuce. Littafin ya yi farin jini, kuma har yau da yawa daga masu cewa littattafan sama labarin abin da ke cikin kanka ne kawai, ba doka ba tarihi, irin wannan ruwa suke sha.

Wanda ya ja da shi Musulmi ne Bafaranshe, Michel Chodkiewicz. An haife shi a Faris a 1929, ya musulunta tun yana saurayi, ya yi tarbiyya a hannun Michel Vâlsan, wanda almajiransa ke kira Shehu Mustafa. Ya shugabanci kamfanin ɗab'i na Seuil daga 1979 zuwa 1989, ya rasu a 2020. A littafinsa na 1992, Un océan sans rivage, ya nuna cewa Ibn Arabi mai tsananin riƙo da harafi ne: ba ya yarda da ma'anar da Larabcin ayar bai ɗauke ta ba, ba ya kuma sassauta shari'a da sunan haƙiƙa. Malamanmu sun daɗe da saɓani a kan Ibn Arabi, wannan zama ba zai raba gardamar ba. Amma akwai abin da Chodkiewicz ya gano wanda zai ba kowane almajiri sha'awa. A cikin Futuhatul Makkiyya ta Ibn Arabi akwai sashen masaukai mai babi 114, daga na 270 zuwa na 383. An daɗe ana ganin jerinsu babu tsari. Ya nuna cewa kowane babi yana fuskantar sura ɗaya, amma daga ƙasa zuwa sama: babin farko Nasi, na biyu Falaƙi, a haka har a ƙare da Fatiha. Tafiyar rai zuwa ga Ubangiji, a wurin Ibn Arabi, hawa ce cikin Alƙur'ani sura bayan sura. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan hanya da ƙafarsa, don bayan Fatiha daga Nasi ake farawa ana haurawa har Baƙara.

A nan gida ma magabata ba su raba biyun ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ya rubuta Liya'ut Tawili, tafsiri cike da nahawu da ƙira'o'i da hukunce-hukunce, shi ne dai mutumin da ya yi ta kuka da yadda son mulki da dukiya ya shiga zukatan jama'a tun ana cikin jihadi, har ya kama hanyar barin ƙasar ya tsaya a Kano yana karantar da tafsiri.

Chodkiewicz ne kuma ya fassara zaɓaɓɓun rubuce-rubucen wani mutum a 1982, wanda Faransawa suka sani da takobi amma ba su san shi da alƙalami ba: Amir Abdulƙadir na Aljeriya. An haife shi a 1808 a gidan malaman Ƙadiriyya kusa da Mascara. Ya yaƙi Faransa shekara goma sha biyar. A Disamba 1847 ya ajiye makami bisa alkawarin za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka. Aka karya alkawarin. Aka tsare shi da iyalinsa da mabiyansa a Toulon, sannan Pau, sannan fadar Amboise, inda sanyi da cuta suka kashe mutum 25 daga cikinsu, yawanci mata da yara.

Me ya yi a shekarun nan? Ya mayar da kurkuku makaranta. Yana jan salla, yana karantar da mutanensa Risala ta Ibn Abi Zaid da ƙaramar aƙidar Sanusi, ana karanta Buhari da Ashafa, littattafan da ke zaurukan malamanmu na Kano da Katsina har gobe. A ranar 16 ga Oktoba 1852 shugaban Faransa Louis-Napoléon ya je Amboise da kansa ya sake shi. Ya ziyarci Faris, jama'a suka yi dafifi don ganin sa, sannan ya bi ta Liyon zuwa Marseille ya hau jirgi. Ya zauna a Bursa, a 1855 ya koma Dimashƙa, garin da kabarin Ibn Arabi yake.

A watan Yuli 1860 tarzoma ta ɓarke a Dimashƙa, aka far wa unguwar Kirista da kisa da ƙone-ƙone. Abdulƙadir ya fita da mutanensa 'yan Aljeriya ɗauke da makamai, suna bin lungu-lungu suna kwaso mutane zuwa gidansa, daga nan a raka su ganuwar birni. Dubban rayuka suka tsira ta hannunsa, cikinsu har da jakadun ƙasashen Turai da fada-fada da sistoci Faransawa, 'yan ƙasar da ta ƙwace ƙasarsa ta kuma ci amanarsa. Da masu tarzoma suka taru a ƙofarsa suna neman ya miƙa su, ya fito ya ƙi. Imam Shamil na Kaukasus ya aiko masa da wasiƙar yabo, Faransa ta ba shi babbar lambar girmamawarta. Da bishop na Aljas ya rubuto yana godiya, ya amsa cewa abin da ya yi wajibi ne da shari'ar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da haƙƙin ɗan Adam suka ɗora masa. Akwai 'yan Aljeriya da har yau suke ganin ya kusanci Faransa fiye da kima a ƙarshen rayuwarsa, kuma ba a rasa abin faɗa a nan. Amma mutumin da ya binne mutanensa a Amboise yana da kowane dalili na ya rufe ƙofarsa a ranar, bai rufe ba.

Yadda yake karatu yana cikin Kitabul Mawaƙif, wanda ya taru daga zaman da yake yi da wasu malaman Dimashƙa. Babi 372 ne, yawancinsu suna farawa da aya ko hadisi, sai ya tsaya a kai ya faɗi abin da aka buɗe masa. Ya bayyana cewa ba ya musun abin da malaman tafsiri suka fahimta daga zahirin lafazi, abin da yake kawowa ƙari ne a bayan nasu, ba maye gurbi ba. Tsantseninsa a kan harafi ya kai har ya tura mutanensa Konya su gwada kwafin Futuhat da ke hannunsu da wanda marubucin ya rubuta da hannunsa. Ya kuma ba da labarin cewa wani lokaci aya takan sauko wa zuciyarsa kamar yanzu ya fara jin ta, ta zo da amsar halin da yake ciki, umarni ko hani ko bushara. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro ya ce ta wannan hanya ya karɓi kusan rabinsa, yana kuma roƙon Allah kada ya mutu sai ya karɓi sauran.

Ya rasu a watan Mayu 1883, aka binne shi kusa da Ibn Arabi, a 1966 aka mayar da ƙasusuwansa Aljeriya. An fara buga Mawaƙif a Alƙahira a 1911. A Faris, tun 2006, akwai dandali mai sunansa a unguwar da Babban Masallaci yake. Wanda ya ɗauki nauyin fassara littafin gaba ɗaya zuwa Faransanci, juzu'i uku da suka fara fitowa a 2000, shi ne Michel Lagarde, fada na Katolika.